Orval da Koren Buhu

Mijin ƙanwata, Orval Tufte, mutum ne da idan ka ce masa motarka ta ƙi tashi, kafin ka rufe baki ya gaya maka shi ya koya wa masu ƙera ta ɗaura taya. Rabin rayuwarsa ya yi yana bin gidaje da injin shara a bayan mota yana talla. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau akwai gidaje a garin nan da idan suka hango hularsa sai su sauke labule. Shi a wurinsa wannan yabo ne. Wai sun san idan suka buɗe ƙofa ba za su iya ce masa a'a ba.

Farkon sanyin bara aka yi wa ƙanwata Marlys aiki a gwiwa, likita ya tura ta gidan jinya inda ake sake koya wa tsofaffi tafiya. Ni da Orval muka kai ta. Ba ta yi zancen gida ba, ba ta yi zancen tukunyar da ta bari a kan murhu ba. Zancenta ɗaya ne, Otis.

Otis karenta ne, tsoho, gajerun ƙafafu, kunnuwa har ƙasa, da fuskar wanda aka cinye masa gado. Cikinsa ya lalace tun da daɗewa. Abinci ɗaya yake ci a duniya, na kifi da dankali, wanda ake sayarwa a koren buhu. Ba shi wani daban, ko dai ya juya maka baya, ko ya ci ya mayar maka da shi a kan darduma. Ban ce Marlys ta fi son karen nan a kan mijinta ba. Na dai ga wanda take fara lulluɓawa idan sanyi ya yi tsanani.

Tana kwance a gadon nan ta nuna Orval da yatsa ta ce, "Idan na dawo na tarar karen nan ya rame, ka haɗa kayanka ka koma gidan Verna."

Verna ni ce. Ba a shawarce ni ba. Ɗakin baƙi ɗaya gare ni, a ciki nake ɗinkina, kuma na binne miji ɗaya mai surutu, ban yi niyyar a kawo mini aron wani ba. Marlys kuwa ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Tun daga ranar nan cikin Otis ya zama abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ba a jima ba buhun ya ƙare. Na ce wa Orval ya bari in je kantin dabbobin da ke bakin babbar hanya in sayo. Ya dube ni kamar na ce zan yi masa aski da cokali. Ya ce saye da sayarwa jininsa ne, shi idan ya shiga kanti ma'aikata tun daga ƙofa suke jin ƙamshin wanda ya san aiki.

Ya tafi, ya dawo hannu rabbana.

Abin da ya faru, da na tatse shi daga cikin tarin bayani, shi ne ya zaga kantin bai ga koren buhu a kan shiryayyun da ake jera kaya ba. Ya tarar da wata ma'aikaciya, Kaylee sunanta a rubuce a ƙirji, ta jingina da kanta tana latsa waya tana taunar cingam. Ya yi gyaran murya, ba ta ɗago ba. Ya yi sallama irin ta 'yan talla, mai tsawo, da tambayar lafiyar iyali, ba ta ɗago ba. Da ya faɗi abin da yake nema sai ta ce, idonta na kan waya, idan babu a kan shiryayye to babu. Ya ce ko za ta duba masa a ɗakin ajiya. Ta ce ya duba a manhajar kantin da ke waya. Ya ce a kira masa manaja. Ta ce manaja yana taro. Orval ya rantse yana hango manajan ta gilashi yana cin biredi da nama shi kaɗai.

A ranar Orval ya dafa wa Otis kifi da dankali da hannunsa, yana cewa ai kamfanin ma ba wani sirri suke sawa ba. Otis ya sunsuna kwanon, ya ɗaga kai ya dubi Orval, ya tafi ya kwanta da fuskarsa a jikin bango. Na buga wa likitan dabbobi, aka ce ya tafi farautar barewa. Wani kantin kuwa yana can birni, hanya ta toshe da ƙanƙara. Wannan kanti dai shi ne, babu wani.

Washegari na bi Orval shagon kofi, inda tsofaffin garin nan suke taruwa kowace safiya su gyara duniya. Abokansa biyu suna nan a teburinsu na kullum, Duane mai gyaran famfo da Merle wanda ya yi aikin gidan waya. Orval ya jawo kujera, ya sassauta murya yadda har masu wanke kwanuka a baya za su ji, ya ce zai gaya musu wani sirri.

Ya ce manyan kamfanoni suna da wata dabara. Sukan turo mutum a ɓoye, ya shigo kamar mai sayayya, ya gwada ma'aikata, ya koma ya kai rahoto. Duk ma'aikacin kanti a ƙasar nan yana tsoron wannan mutum fiye da mutuwarsa. To shi zai shiga a matsayin wannan mutum. Ba zai ce shi ne ba, zai dai bari su gane da kansu. Kafin azahar za su fito masa da koren buhu a kan kafaɗa suna ba shi haƙuri.

Duane ya tambaye shi, idan a ɓoye ake turo mutumin, yaya za a yi su gane. Orval ya ce nan ne gwaninta take. Merle ya ce shi a saninsa yarinyar nan ko gobara ce ta shigo sai ta ce mata ta duba a manhaja. Mai kawo kofi ta ce ƙanwar mijinta ma a kantin take aiki, ko ta sanar da ita a shirya masa? Orval ya ce kada ta kuskura, sirri ne. Kafin mu gama kofi an gaya wa tebur uku, an buga wa mutum biyu waya.

Ya je gida ya fito da kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsa, wadda yanzu maɓallin tsakiya kaɗai ke shiga, shi ma da addu'a. Ya ƙara da baƙin tabarau. Ni na tuƙa shi, don da tabaran nan ba ya ganin hanya.

Tun daga ƙofa aka fara. Ƙofar kantin irin mai buɗe kanta ce idan ta ga mutum. Orval ya tsaya gabanta, ƙirji a gaba, ta ƙi buɗewa. Ya ja da baya, ya sake matsowa, shiru. Ya ɗaga mata hannu. Sai ga wata mata ta zo da kyanwa a kwando, ƙofa ta wangale, ya bi bayan kyanwar ya shiga.

Ya yi ta yawo tsakanin shiryayyu, hannaye a baya, yana shafa yatsa a kan katako yana duba ƙura, yana cewa "Uhm" da ƙarfi. Ya tsaya kusa da wani ma'aikaci yana kallon agogo. Ma'aikacin ya matsa masa don ya wuce. Da abin ya ishe shi sai ya je ya sunkuya kusa da Kaylee, ya zame tabarau zuwa kan hanci, ya raɗa mata cewa ba zai faɗi daga inda aka turo shi ba, amma wuri ne mai hawa da yawa.

Kaylee ta ce bayan gida yana can ƙarshe, hannun hagu.

A mota ya ce mini shirin ya yi aiki fiye da yadda ya zata. Tsoro ne ya kama su har suka kasa magana. Na ce masa Otis bai ci komai ba sai ruwa, kuma na fara ganin haƙarƙarinsa. Na ce masa kuma ɗakin ɗinkina ba shi da taga mai buɗuwa, ya sani tun yanzu.

Sai ya ce kuskurensa ɗaya, bai kai musu mai abin ba. Idan suka ga karen da idonsu, tausayi zai yi abin da tsoro ya kasa.

Muka koma da Otis. Wannan karon ƙofa ta buɗe tun muna wurin ajiye mota. Kaylee, wadda na ɗauka wuyanta a karye yake, ta ɗago kai, ta ajiye waya, ta zagayo da gudu ta durƙusa a ƙasa. Wasu ma'aikata biyu suka ɓullo daga inda ban sani ba. Wane ne wannan kyakkyawa, wane ne wannan ɗan sarki, kunnuwan wane ne waɗannan. Suka tambayi Otis sunansa, suka tambaye shi shekarunsa, suka ɗaura masa ɗankwali a wuya mai hoton ƙashi. Aka ba shi biskit, ya kau da kai, suka ce ai mai aji ne. Orval yana tsaye a kansu riƙe da igiya yana bayanin ciwon ciki, ba wanda ya dubi sama da gwiwarsa. Da ɗayansu yake so ya ɗauki hoto sai ya ce, "Baban Otis, ɗan matsa, kana tare haske."

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Orval a ka. Ya matso ya ce mini yanzu ya gane tsarin kantin: ba mutane suke saurara ba, karnuka suke saurara. Kafin in riƙe shi ya durƙusa a bayan Otis, da kwat ɗinsa da komai, ya ɓoye fuska a ƙeyar karen, ya kama kunnuwan nan biyu yana kaɗawa, ya shaƙe murya ya ce, "Anti Kaylee, yunwa nake ji. Koren buhu nake so, na kifi da dankali."

Ma'aikatan suka fashe da dariya. Aka ce ya sake, ba a ɗauka a waya ba. Ya sake. Aka ce ya sake da kaɗa wutsiya. Kaylee ta share hawaye, ta tallafo fuskar Otis da hannu biyu, ta sumbace shi a goshi, ta ce masa cikin murya mai daɗi, "Ayya masoyina, idan babu a kan shiryayye to babu."

Sai da ni da wani mai sayen abincin kifi muka ɗaga Orval, don gwiwarsa ta ƙi miƙewa.

Da yamma Marlys ta bugo ta ce ranar Lahadi bayan coci za a sallame ta. Ta ce a sa mata Otis a waya. Otis ya yi wani ɗan nishi. Ta ce muryarsa ta canza. Orval ya ce layin ne.

Duk wannan abin bai hana shi ganin wani abu a kantin ba. Ya ga ƙofar ɗakin ajiya a can baya, ya ga kuma duk mai shiga sanye yake da jar falmaran. Orval yana da jar falmaran, ta mawaƙan coci, wadda suke sawa lokacin Kirsimeti. An daɗe da roƙonsa ya daina waƙa, amma ba a karɓi falmaran ɗin ba. Ranar Asabar da safe ya bayyana wa teburin kofi shirinsa na ƙarshe. Zai shiga a matsayin ma'aikaci, ya miƙe kai tsaye ɗakin ajiya, ya ɗauko koren buhu, ya fito ya biya kamar mutumin kirki. Ba zai yi magana da kowa ba.

Duane ya ce wannan rashin maganar shi ne ba zai yiwu ba. Merle ya ce a bar kofi, a tafi kallo. Suka biyo mu a motar Duane.

Abin da Orval bai lissafa ba shi ne ranar ce ake ɗaukar dabbobi hoton Kirsimeti. Rabin garin yana cikin kantin. Layi ya kai ƙofa, karnuka da hulunan ulu, wata kyanwa da ƙahon barewa na roba, wani mutum rungume da zomo. Orval ya tuɓe kwat ya miƙa mini tare da igiyar Otis, ya gyara falmaran, ya nufi baya.

Bai yi nisa ba wata mata ta tare shi ta ce don Allah ina ake ajiye maganin ƙuma. Ya kamata ya ce bai sani ba. Orval bai taɓa faɗin wannan kalma ba tun da aka haife shi. Ya tsaya, ya juyo, ya yi mata murmushin da ya sayar da injin shara ga matar da ba ta da darduma. Mutanen garin nan sun shekara suna shiga kantin nan ba su taɓa ganin jar falmaran ta yi musu murmushi ba. Nan da nan suka bar layin hoto suka yi layi a gabansa.

Ya gaya wa mai zomo cewa zomonsa kaɗaici ke damunsa, ya sayar masa da madubi. Ya kama wa wata mata jajayen kifaye daga tanki da hannun riga a naɗe, da ragar ta gagare shi sai ya sa kofin kofinsa. Ya ce wa wani mai kunkuru ya riƙa fita da shi gudu da safe. Akwai wasu buhunan abincin kare masu ruwan makuba da aka jibge a bakin hanya, suna tare masa wuri, sai ya ɗaura niyyar kawar da su. Duk wanda ya zo da kare sai ya ɗora masa ɗaya a keken kaya, yana cewa ba mai kyau ba ne can, amma karenka ma ai ba wani na kirki ba ne. Mutane suna dariya suna ɗauka. Tulin nan ya narke har saura ɗaya.

Na ratsa na je na ja shi ta falmaran na ce, ɗakin ajiya, Orval. Ya ce, "Uwargida, ki bi layi kamar kowa." Bai ma ga ni ba ce.

Ma'aikatan gaske kuwa ko a jikinsu. Kaylee ta dube shi sau ɗaya ta ce sabon zuwa ne? To ya riƙe mata kanta, za ta je hutu. Ya riƙe. Bai iya injin kuɗin ba, sai ya riƙa gaisawa da mutane yana ce musu su dawo anjima. Can sai ga manajan da kansa, Trent, wani dogo mai tarin makullai a ƙugu, ya fito daga ofis yana goge baki. Ya ga tsoho da jar falmaran, ya ce madalla, ashe an turo mutumin da ya nema. Ya buɗe ɗakin ajiya da hannunsa ya tura Orval ciki.

Daga inda nake na hango abin da ke ɗakin: tsintsiya, bokiti, da kujerar da wani ma'aikaci ke barci a kai. Babu buhu ko ɗaya. Trent ya ɗora wa Orval wani babban kwali a hannu ya ce ya kai sashen ƙadangaru. Gyare ne a ciki, masu rai, waɗanda ake sayar wa masu kiwon ƙadangare. Kwalin har rawa yake yi.

Yana fitowa da kwalin ya ɗaga kai, ya tsaya cak. Can ƙololuwar shiryayye, kusa da rufi, a ƙarƙashin wasu buhuna, ga gefen wani abu kore yana leƙowa.

Akwai tsani mai taya a wurin, an rataye masa sarƙa. Orval ya cire sarƙar. Duane ya ce masa ya ajiye kwalin tukuna. Orval ya ce shi ya hau bene da injin shara biyu a kafaɗa. Merle ya ce a taka birkin tsanin. Orval ya ce ya taka. Ya hau, kwali a hammata, ya kai hannu ya kama kunnen koren buhu, ya juyo ya dubi jama'a don a shaida, ya ja.

Buhun bai zo ba. Tsanin ne ya tafi.

Ya tafi da shi a hankali, kamar jirgin ruwa yana barin gaɓa, Orval yana riƙe da kunnen buhu, jikinsa yana miƙewa tsakanin shiryayye da tsani. Sai buhun ya yarda ya zo, ya taho da duk waɗanda ke kansa. Orval ya faɗa kan tulin gadajen karnuka, abin da ya cece shi ke nan. Kwalin bai samu gado ba. Koren buhu ya fashe a sama, ya yi wa kantin ruwan dusar katako, irin wadda ake shimfiɗa wa zomaye.

Ban san yawan gyaren da ke cikin kwali ɗaya ba, amma sun ishi kowa. Kyanwa mai ƙaho ta fice daga hannun uwar ɗakinta ta haye kan mai ɗaukar hoto. Karnuka suka ja masu su a kan tayal mai santsi, igiyoyi suka sarƙe, mutanen da ba sa gaisawa a coci suka tsinci kansu a rungume. Zomo ya shige cikin rigar mai shi. Wani aku da ke keji a bakin ƙofa ya fara kwaikwayon ƙarar motar kashe gobara. Ƙofa mai buɗe kanta ta riƙa buɗewa tana rufewa, tana yi wa gyare bankwana ɗaya bayan ɗaya.

A cikin wannan hali Arlene Gunderson ta ratso. Maƙwabciyar su Orval ce, sun daɗe suna rigima a kan wanda ke tura wa wani ƙanƙara a bakin ƙofa. Gyare biyu na zaune a gashinta, ɗan ƙaramin karenta yana karkarwa a jaka. Ta ce a kira mata manaja. Abin mamaki, ya zo. Ta nuna Orval, wanda ke zaune a gadon kare da dusa a girarsa, ta ce wannan ma'aikacin ya zagi karenta, ya ce ba na kirki ba ne, ya kuma sayar mata da madubi ita ma. Ta san sarai ba ma'aikaci ba ne. Na ga bakinta yana motsi tana danne dariya.

Trent ya gyara makullansa ya ce wa Orval ya kore shi daga aiki.

Kalma ɗaya za ta fitar da shi. Ya ce ni ba ma'aikacinku ba ne, shi ke nan. Amma ga Duane, ga Merle, ga rabin coci, kuma an ce an kore shi. Orval ya miƙe yana kakkaɓe dusa ya ce ba a taɓa korarsa daga aiki ba, ba kuma za a fara yau ba. Ya ce a duba cinikin da ya yi da safen nan. Ya ce shi ne ma'aikaci ɗaya tilo da ya taɓa amsa wa mutum a kantin nan, jama'a su faɗa idan ƙarya ne. Wasu suka ce gaskiya ne. Ya ce yana neman a ƙara masa girma. Trent ya ce ya tuɓe rigar kamfani ya ajiye. Orval ya ce ta coci ce. Trent ya ce duk haka suke cewa. Aka tuɓe masa falmaran ɗin mawaƙa a gaban matar fasto, ita kuwa ta kau da kai, don ta daɗe tana neman hanyar karɓe ta.

Sai a lokacin na lura igiyar da ke hannuna ba ta da nauyi.

Na waiga. Otis ya zame wuyansa, ya ratsa ta cikin ƙafafun mutane da tafiyarsa ta tsofaffi, ya wuce gyare, ya wuce biskit da ya zube, ya je bakin hanya inda buhun nan mai ruwan makuba guda ɗaya ya rage. Tsanin da ya gudu ya tsaya a kansa ya farke shi. Otis ya tura kai ciki har kunnuwa. Ƙarar taunarsa ta sa wurin ya yi tsit.

Kaylee ta dawo daga hutu da kofin lemo a hannu. Ta dubi karen, ta dubi buhun, ta ce, "Au, wannan kuke nema? Ai tun bazara suka canza masa buhu. Kai kore ka yi ta cewa."

Orval ya juya ya dubi waje. Ta taga muna ganin mutane suna loda buhuna masu ruwan makuba a motocinsu, waɗanda ya ɗora musu da hannunsa. Na tambayi Trent yaushe za a kawo wasu. Ya ce in duba a manhaja. Na ce to a sayar mana da wannan fasasshen. Ya ce doka ta hana sayar da abin da ya taɓa ƙasa, sharewa za a yi a zubar, kuma wanda ya kamata ya share yanzu ya kore shi.

Na miƙa wa Orval kwat ɗinsa. Ya sa, ya durƙusa kusa da Otis, ya fara kwasa da hannu biyu. Ya cika aljihun dama, ya cika na hagu, ya cika na ciki, ya cika na ƙirji inda ake sa hankici. Ya cika hularsa. Duane da Merle suka tsaya a kansa suna ba da shawara. Ya fita daga kantin yana tafiya a buɗe kamar jaki da mangala, karnuka suna binsa, ƙofa ta buɗe masa tun daga nesa.

A mota Otis ya hau cinyarsa ya ci gaba da ci daga aljihun dama. Da muka isa gida na juye abin da ke cikin hula a kwanonsa. Ya sunsuna, ya kau da kai, ya koma ya zauna gaban Orval yana kallon kwat. Na wanke kwanon, na sake zubawa. Ya ƙi. Na zuba a faranti na baƙi. Ya ƙi. Orval ya tuɓe kwat ya rataye a kujera, karen ya dubi kujerar ya dubi Orval, ya jira. Sai da mutumin ya sake sawa, ya ɓalla maɓallin tsakiya, ya tsaya ƙiƙam a tsakar kicin ya buɗe aljihu, sannan Otis ya ɗora ƙafafun gaba a gwiwarsa ya ci.

Ranar Lahadi muka ɗauko Marlys. Ta shigo da sandarta, ba ta zauna ba, ta ce a ɗora mata karen a hannu. Ta jinjina shi. Ta shafa haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye ina tunanin inda zan kai keken ɗinkina. Ta ce ya ɗan faɗa. Ta dubi Orval, ta dubi akwatin da ke saman kabad.

Lokacin cin abincin Otis ya yi. Ya zame daga hannunta, ya wuce kwanonsa, ya je ya zauna gaban Orval. Orval ya ɗauko kwat, wadda zuwa yanzu ana jin warin kifinta daga bakin titi, ya sa, ya ɓalla, ya buɗe aljihu. Marlys ta daɗe tana kallonsu. Ta gwada da kwano, ta gwada da tafin hannunta, ta sa kwat ɗin da kanta ta tsaya. Otis ya jira Orval.

Ta nemi kujera ta zauna ta ce, "Verna, je ki gida. Ba inda za shi. Kwanon kare ba ya barin gida."

Yanzu safe da yamma, kowace rana ta Allah, za ka ga Orval ta tagar kicin, sanye da kwat ɗin biki a kan rigar barci, yana tsaye kamar soja, kare yana cin abinci a aljihunsa. A shagon kofi yana gaya wa baƙi cewa ya taɓa riƙe babban kanti, ya ajiye aikin ne don wani mai sayayya guda ɗaya ya ce ba zai yarda kowa ya kula da shi ba sai shi.